Pillow, OpenCV ko ImageMagick: wanne ya fi jure sabuntawa?

Dukansu manhajojin sarrafa hotuna ne a kwamfuta, kuma kyauta ne. Abin da za ka kashe shi ne data, da kuma lokacin da zai tafi ranar da sabon zubin manhajar ya fito, shirin da ka rubuta bara ya ƙi tashi. Da wannan ya kamata ka auna su, ko kai ɗalibi ne mai aikin kammala karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko mai shagon kwamfuta a cikin garin Sakkwato da ke rage wa masu cike fom girman hoton fasfo.

In aikinka bai wuce yanke hoto, rage girma da ɗora rubutu ba, ɗauki Pillow. Ba shi da nauyin saukewa. Shi ya gaji PIL, tsohon kayan aikin hoto na yaren Python, wanda aka daina fitar da sabonsa tun 2009. Amma sabon zubin Pillow yana fitowa sau huɗu a shekara, kuma masu shi ba sa jin kunyar cire tsohon abu. A zubi na 10, Yulin 2023, sun cire Image.ANTIALIAS da ake amfani da shi wajen rage girman hoto, sai dai ka rubuta Image.LANCZOS, textsize mai auna girman rubutu ma ta tafi, textbbox ta maye gurbinta. Tsofaffin darussan intanet kuwa har yau tsohon sunan suke koyarwa, shi ya sa ɗalibi zai kwafa daidai kuma ya ga jan rubutun kuskure. Gyaran layi ɗaya ne, amma sai wanda ya sani. Kada wannan ya sa ka maƙale a tsohon zubi: a Satumbar 2023 aka gano wata mummunar kafar kutse a manhajar buɗe hotuna nau'in WebP, kuma zubi na 10.0.1 ne ya toshe ta. Hotunan HEIC na iPhone ma ba ya buɗe su sai ka ƙara pillow-heif.

OpenCV na mai gane fuska ne, ko lambar mota, ko cutar ganyen albasa. Ya fi Pillow nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana karanta launi a juye, shuɗi kafin ja. A zubi na 3, findContours, mai gano gefen abubuwa a hoto, abu uku take mayarwa. Tun zubi na 4 a 2018, biyu ne. Babbar matsalarsa ita ce jingina da NumPy, kayan lissafi na Python: da NumPy 2.0 ya fito a Yunin 2024, tsofaffin zubin OpenCV suka daina aiki da shi. Ɗaukar OpenCV don rage hoton fasfo tamkar hayar tirela ce don kai buhun gero ɗaya gida.

ImageMagick kuma na mai sarrafa hotuna ɗaruruwa da umarni ɗaya ne. A zubi na 7 umarnin magick ya maye gurbin convert, alhali kwamfutoci da yawa masu Linux na kan zubi na 6. Duba wanda ke gabanka kafin ka rubuta komai.

Ni dai ga mafi yawan ayyukan da ake yi a nan, Pillow nake ba da shawara. Duk wanda ka ɗauka, rubuta lambar zubinsa a requirements.txt, fayil ɗin da ke lissafa manhajojin da shirinka ke buƙata, sannan ka ajiye fayilolin sakawa a filashi, don ranar kare aiki a gaban malamai ba ta jiran intanet ya dawo.