Wasiƙa daga Mindelo: Zaman Jirgin Ruwa da Farashin Kaya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da su Inna da dukkan mutanen gida a Tudun Wadan Zariya, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na ɗauka na bayyana maka yadda kaya da hidimomi suke a inda jirginmu ya yada zango, wato garin Mindelo na tsibirin Sao Vicente a ƙasar Cape Verde, yamma da gaɓar Senegal. Kamar yadda ka sani, jirgin ƙarami ne mai tafiya da iska, kuma shi ne gidana da ɗakin girkina da shagon da nake gyara wutar jiragen wasu, don haka duk abin da zan faɗa maka na gan shi ne da idon wanda yake saye da aljihunsa.

Shiga ƙasar bai ba ni wuya ba, domin Cape Verde tana cikin ECOWAS, fasfo ɗinmu kuwa ba ya buƙatar biza. 'Yan sandan ruwa sun duba takardun jirgi, jami'an shige da fice sun buga hatimi, aka sallame ni ba tare da wani ya nemi na goro ba. Wahalar da ke akwai ta harshe ce, saboda takardun hukuma da Fotugisanci ake rubuta su, a kasuwa kuma Kiriyol ake yi.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a nan shi ne ruwan sha. Tsibirin busasshe ne ƙwarai, babu kogi mai gudu ko ɗaya kamar Galma ko Kubanni, kuma ruwan da ke zuwa famfo ruwan teku ne da aka tace da inji aka raba shi da gishiri, aikin da ke cin wutar lantarki mai yawa. Saboda haka a matsayar jirage da awo ake sayar da shi, mita tana ƙirga kowace lita da ta shiga tankin jirgi. Turawan da muke maƙwabtaka da su suna kokawa da wannan tsari, ni kuwa ban ga baƙon abu ba, domin wanda ya girma yana jiran mai ga-ruwa da kurarsa ta jarkoki ya riga ya san cewa ruwa dukiya ne. Bambancin kawai shi ne a nan ka san farashi tun kafin ka buɗe famfo, kuma ba ya tashi don rani ya tsananta. Kwanoni da ruwan teku nake wanke su sannan in ɗauraye da na daɗi kaɗan, alwala ma da ruwan tekun nake yi, tunda malamanmu na cikin birni sun karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, sai dai idan jirgi yana kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙarƙashin ruwa ya riƙe shi, yakan juya da iska, don haka sai na duba kamfas kafin in tayar da salla.

Wuta ba na sayenta sai da larura. Ina da faifan sola da batura da ƙaramar fanka mai samar da lantarki, kuma iskar arewa maso gabas da ke ratsowa tsakanin wannan tsibiri da maƙwabcinsa Santo Antao ba ta cika yin sauƙi ba. Zai ba ka mamaki ka ji cewa hazonmu na hunturu yana isowa har nan daga Sahara, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, ya rufe duwatsu, ya kwanta a kan sola har sai an goge.

Inda Zariya ta yi wa wannan wuri nisa shi ne gyara da kayan gyara. Gishirin teku yana cin waya da ƙusa da duk wani ƙarfe, kuma kusan kowane abin da jirgi ke buƙata daga Turai ake shigo da shi, a biya kuɗin dako da na kwastan, sannan a yi ta jiran isowarsa. Batir ko inbata da za ka shiga kasuwar Sabon Gari ka zaɓa cikin iri-iri, ka yi tayi har a sallama maka, a nan sau da yawa iri ɗaya za ka tarar a shago ɗaya, farashinsa a rubuce, babu ragi. Akwai masu walda da masu ɗinkin filafilan jirgi da suka san aikinsu, domin garin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce tun ƙarni na 19 lokacin da kamfanonin Ingila suka kafa rumbunan gawayin kwal a nan, amma ban ga irin kanikawanmu da ke kwance abin da ya mutu su naɗe masa waya ya tashi ba. Wannan gurbi shi nake ci da shi, musamman a watan Nuwamba da jirage ke taruwa kafin su tsallaka Atilantika zuwa Karibiyan, tafiyar da ta kai mil 2,100 na teku.

Abinci kuwa ya rabu biyu. Kifi yana da araha da kyau, domin a kasuwar kifi da ke bakin ruwa ana yanka kifin tuna ɗanye da aka kamo a ranar, wanda mu a gida sai a gwangwani muka san shi. Kayan miya su ne masu tsada, saboda yawancinsu jirgin fito ne ke kawo su daga Santo Antao, tafiyar kimanin awa ɗaya, wasu kuma daga Turai. Tumatir da albasa da kilo ake auna su, ba kashi ko kwando ba, kuma duk lokacin da na biya sai na tuna yadda suke ruɓewa a gefen hanyar Kano idan kaka ta yi. Abincinsu na ƙasa shi ne kacupa, surfaffiyar masara da wake da ake dafawa tare, mai daɗi da riƙe ciki, sai dai yawanci da naman alade a ciki, don haka dole mutum ya tambaya ko ya nemi na kifi. Naman yanka kuwa ta hannun 'yan'uwa Musulmi 'yan Senegal da Gini masu kasuwanci a garin nake samunsa. Gero da dawa ban ci karo da su ba.

Kuɗinsu eskudo ne, kuma an ɗaure shi da yuro, kimanin eskudo 110 a yuro ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. A ganina wannan ne babban abin da suka fi mu, domin kaya suna da tsada amma mutum yana iya lissafin wata mai zuwa, saɓanin abin da kuke fama da shi tun da aka saki naira a 2023. Layin waya da intanet suna aiki har cikin jirgi, motocin haya kuma ƙananan bas ne da ke jiran cika kafin su tashi, kamar na Kwangila.

Idan an sami mai zuwa Dakar, ina roƙon a haɗo mini da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a zuba su a robobi masu murfi saboda laimar teku tana lalata abin da ke cikin leda, a kuma bar kilishi, domin nama yakan jawo tambayoyi a kwastan. Agogonmu yana bayan naku da awa biyu, don haka in za ka kira, ka bari sai bayan isha'inku, lokacin na tashi daga aiki. A gaida Inna da kyau. Wassalam.