Tsallake teku da mota a jirgin fito, da abincin dare a otal ɗin bakin tasha

Abin da matafiyi yake biya a jirgin fito mai ɗaukar motoci shi ne ya shiga da motarsa da kayansa a wannan gaɓa, ya fita da su a waccan ba tare da ya sauke ko jaka ɗaya ba. Ta wannan fuska kamfanin da muka bi ya sauke nauyinsa, ko da yake jirgin ya tashi a makare, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya wa fasinjojin da ke zaune cikin motocinsu a layi dalilin jinkirin.

Wajen lodi ne ma'aikatan suka nuna sun san aikinsu. Sun rarraba manyan motocin kaya dama da hagu domin nauyi ya daidaita, sannan suka cike gurabe da ƙananan motoci. Wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya riƙa yafito mu da hannu har sai da tazarar da ke tsakaninmu da motar gaba ta rage kamar taƙi ɗaya, sannan ya dunƙule hannunsa alamar a tsaya. Ya ce a ja birkin hannu, a bar mota cikin giya, a naɗe madubin gefe, a kuma kashe ƙararrawar ɓarayi, domin tangaɗin jirgi yana tayar da ita ta yi ta ihu har a isa. Masu tukunyar gas an umarce su da su rufe ta. Daga nan kowa ya hau sama, aka kulle ƙofofin hawan motoci, wato sashen jirgin da aka ajiye motocin.

Wasu fasinjoji sun yi ƙorafi da aka hana su komawa ɗauko abin da suka manta, amma a nan ina bayan ma'aikatan. Hawan motoci fili ne guda mai faɗi wanda ba shi da bangayen da za su tare ruwa, saboda haka idan ruwa ya shiga, sai ya kwarara gefe ɗaya ya rinjayi jirgin cikin ɗan lokaci kaɗan. Haka ta faru a watan Maris na 1987, lokacin da jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam ƙofofinsa na gaba a buɗe, ya kife, mutane 193 suka rasu. A watan Satumba na 1994 kuma jirgin Estonia ya nutse a tekun Baltik bayan ƙofarsa ta gaba ta ɓalle, mutane 852 suka rasa rayukansu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga tsaurin ma'aikaci a matsayin rashin ladabi ba. Sanarwar tsaro ma ta fito sarai, har da bayanin cewa busa bakwai gajeru da doguwa ɗaya alama ce ta gaggawa.

Kujerun sama suna da tsabta, kuma da teku ta fara motsi, wata ma'aikaciya ta shawarci masu jin jiri su koma tsakiyar jirgi, inda tangaɗi ya fi sauƙi, su kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Shagon abincin jirgin bai cancanci dogon bayani ba: layi mai tsawo, burodi busasshe, shayi mai ɗumi-ɗumi. Babban aibin shi ne alamomin matattakala, waɗanda ƙanana ne ƙwarai, har lokacin sauka mutane suka yi ta kai da kawowa suna neman motocinsu. Ya kamata direba ya rubuta lambar hawansa da launin matattakalarsa tun kafin ya bar mota.

Otal ɗin ne ya wanke mana gajiyar yinin. Mun buga waya daga tasha cewa za mu makara, kuma da muka iso gab da lokacin rufe kicin, sai muka tarar an ajiye mana tebur, ba wanda ya nuna mana agogo. Jerin abincin gajere ne, abin da nake ɗauka alamar kicin mai dafa abin da ya iya. Miyar kayan lambu ta zo tana tururi, da burodi mai ɗumi da man shanu. Kifin an gasa shi daidai, fatarsa ta yi ƙaras-ƙaras, tsokarsa fara tana ɓarewa da zarar cokali mai yatsu ya taɓa ta, gishirin kuma bai danne ɗanɗanonsa ba. Da aka tambayi mai kawo abinci abin da aka haɗa romon da shi, bai yi kame-kame ba, ya shiga ya tambayo kuku ya dawo da cikakkiyar amsa, abin da ke da muhimmanci ga duk wanda akwai abincin da ba ya ci.

Kayan zaƙi ne kawai suka gaza, domin kek ɗin daga firji aka ciro shi, tsakiyarsa da sauran ƙanƙara, kuma kiɗan ɗakin ya yi ƙarfi ga mutanen da suka wuni da rurin inji a kunne. Duk wanda zai bi jirgin yamma ya kama tebur tare da ɗaki, ya kuma sanar da otal da zarar ya ga jirgin zai makara.