Man Indiya da man kaɗanyar Gwaggo: yadda fatar cikina ta karɓe su a jego

Kwana tara da haihuwata ta biyu fatar cikina ta fara yi mini bore. Ba ciwon da za a ruga asibiti ba ne. Ƙaiƙayi ne mai naci daga cibiya zuwa mara, duk inda nankarwa ta tsaga, ga raɗaɗi da zarar zani ya goge wurin. Da daddare hannu ɗaya na riƙe da yaro yana shan mama, ɗayan yana susa. Fatar ta saki, ta bushe, ta yi furu-furu kamar ƙaurin yaro a hunturu.

A gida nake wanka, Gwaggo ce mai kula da ni. Ita ruwan jego in bai sa mutum ya yi ƙara ba, to a wajenta bai yi ba. Safe da yamma garwa na kan murhu, ga damin ganyen darbejiya da take tsomawa tana fyaɗa mini. Da na yi mata ƙorafi sai ta ce, "Ɗanyen jiki ne, ki bari ya gasu."

Wata ƙawata da ta yi jinyar mahaifiyarta a Indiya ce ta ba ni labarin Ayurbeda, maganin gargajiyarsu. Ta ce a jihar Kerala mai jego ma zaman kusan kwana 40 take yi kamar namu, kullum a mulke ta da mai kafin wanka da ruwan ganyaye. Har darbejiyar ma suna amfani da ita, ashe asalin bishiyar daga can take. Wannan kamanceceniya ce ta ja ni. Na nemi wata mai sayar da kayan Indiya a Instagram, na sayi kwalba biyu masu cin mililita 200, Dhanwantharam da Nalpamaradi. Kuɗinsu da na ɗan aike ya isa in sayi man kaɗanyar da zai kai ni shekara.

Dhanwantharam shi ne ainihin man masu jego a can. Man riɗi ne aka dafa da madarar shanu da saiwoyi masu yawa, babbarsu wata da suke kira bala. Kauri gare shi, launinsa ya yi duhu, ƙamshinsa kuma sak rumfar mai maganin gargajiya a kasuwar Kurmi. Nakan zuba cokali biyu a ƙaramin kofi, in ɗora kofin cikin ruwan zafi ya yi ɗumi, in shafa a hankali ina zagaya cibiya, in bar shi kamar minti 20 kafin wanka. Gaskiya ya yi aiki. A kwana na huɗu na yi barci ban farka da susa ba, bushewar nan ta kwanta, zani ya daina cizona. Aibinsa biyu ne. Warin yana kama jiki da katifa, har mijina da ya zo duba mu ya tambaya ko hayaƙi aka yi a ɗakin. Sannan sai na wanke hannu da sabulu sosai kafin in ɗauki yaro, don ban yarda ya kai bakinsa ba.

Nalpamaradi kuwa ni da shi ba mu shirya ba. An haɗa shi ne da ɓawon itatuwa huɗu dangin cediya da ɓaure, da kurkum mai yawa, an ce yana gyara launin fata. Ni kuma baƙin layin nan da ya taso daga mara zuwa cibiya ne ya tsone mini ido. Laifina ne da ban gwada shi a cikin hannu na jira kwana ɗaya ba, na kama na mulke cikin gaba ɗaya. Kafin la'asar wurin ya ɗau zafi, washegari ƙananan ƙuraje sun fito a kan nankarwar. Farin zanin gadon da aka kawo mini na barka ya zama ruwan ɗorawa, wanki uku bai fita ba. Na san wadda take shafa shi lafiya lau, don haka ba zan ce man banza ba ne. Fatar da ciki ya ja wata tara, ruwan zafi kuma ya bi ya gasa, ita ce ba ta ɗauke shi ba.

Ƙurajen ne suka kai ni wajen wata nas, dattijuwa. Ta ɗaga rigata ta duba, ta tambayi irin ruwan da nake wanka da shi, sai ta yi dariya. "'Yata, ke kike shafa mai da safe, ana wanke shi da tafasasshen ruwa da sabulun salo. Ruwa mai zafi haka yana kwashe maiƙon fata, shi ya sa take bushewa tana ƙaiƙayi." Ta ce a sirka ruwan, in bar duk wani abu mai ƙamshi ko launi sai wurin ya lafa. Baƙin layin zai dushe da kansa cikin 'yan watanni, nankarwa ma za ta yi haske, amma babu man da zai goge ta. Ta ƙara da cewa da aiki aka yi mini, ko ɗigon mai ba za ta bari ya taɓa ɗinkin ba sai ya warke, wajen mako shida.

Shawo kan Gwaggo ya fi komai wuya. Sai da na ce likita ce ta faɗa, sannan ta yarda tana ƙara guga ɗaya na ruwan sanyi, tana mita. Amma a daren ta buɗe jakarta ta ciro dunƙulen man kaɗanya a ganye, wanda ba a tace ba, mai warin hayaƙi. Ta murza shi a tafin hannu har ya narke ta shafa mini. "Kin tafi Indiya neman abin da ke ƙarƙashin gadona," in ji ta. Mako guda ina shafa shi bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba, ƙurajen suka mutu. Da na koma kan Dhanwantharam daga baya, ban ga ya fi man kaɗanyar laushin fata ba. Abin da ya fi shi kawai shi ne santsi wajen tausa, musamman a ƙugu da baya.

Mai kayan ta yi ta tallata mini wani na sha, wai yana mayar da ciki. Wannan kam na ƙi. Babu lambar NAFDAC a jikinsa, ga shi ina shayarwa. Wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2004 ya samu dalma ko zaiba ko makamancinsu a kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a shaguna. Wanda ya ji abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da wannan ba.

Yanzu yaron wata biyar. Rabin kwalbar Dhanwantharam na nan, nakan shafa in bayana ya riƙe, amma ba na jin zan sake saye a wannan farashin. Nalpamaradi na ba ƙanwata tana shafa wa gwiwar hannu. Zanin gadon kuwa Gwaggo ta tafi da shi ƙauye, ta ce launin ya yi mata.