Shagon kayan jari-bola a Gusau: abin da na saya da abin da ya hana ni sakin jiki

Wata uku ke nan ina leƙa wani shago da ke bakin hanyar Ƙaura Namoda a Gusau, inda ake sayar da kayan da 'yan jari-bola suka tsinto daga juji da bakin kwata da bayan gidaje. Abin da ya fara kai ni wurin shi ne fankar ɗakin yara da ta mutu ana tsakiyar zafin watan Afirilu. Mai gyara ya duba ya ce kwayil ɗinta ya ƙone, kuma kuɗin sake naɗa shi ya kusa sayen wata fankar, sai ya kwatanta mini wannan shago.

Rumfar kwano ce mai faffaɗan fili a bayanta. Da la'asar samari suke dawowa da kura da buhuna, a zazzage kayan a ƙasa, a bi su da maganaɗisu: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi mannewa kuma a duba ko jan ƙarfe ne ko alminiyam, sannan a ɗora kowanne a sikeli a biya su da kilo. Jan ƙarfe ya fi kowanne daraja, shi ya sa da wuya tsohuwar fanka ko injin ban ruwa ya kwana ba a farke shi an zare wayar cikinsa ba. Baƙin ƙarfen ana tara shi har ya isa lodin babbar mota zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun, inda ake mayar da shi rodin gini, alminiyam kuwa maƙeran tukwane na gari ne suke kwashe shi. Abin da ya bambanta wannan shago da sauran wuraren 'yan gwangwan da na sani shi ne maigidan ba ya barin a fasa abin da ke da sauran amfani. Yana ware shi, a wanke, a gyara, a jera a gaban rumfa.

Fankar tsaye na saya, a kan kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin sabuwa, kuma yadda aka sayar mini da ita ne ya sa na koma. Babu wuta a lokacin, amma maigidan da kansa ya sa aka tayar da ƙaramin janareto, ya bar ta tana juyawa kamar minti goma, ya ce in riƙa taɓa kanta in ji ko tana ɗaukar zafi, domin a nan ake gane kwayil mai shirin mutuwa. Har yau tana aiki. Daga baya na sayi keken yara wanda sarƙa kawai na canja masa, da kujerun ƙarfe biyu da suka buƙaci fenti. Dutsen guga ne kaɗai ya ba ni kunya, don kwana huɗu ya yi ya daina zafi. Da na mayar da shi, maigidan ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai kayan bola ba su da garanti," amma ya ɗora shi a sikeli ya ba ni kuɗin ƙarfensa, wanda bai wuce na acaɓa ba. Na karɓa, don ban ga inda ya yaudare ni ba.

Akwai jarkoki da robobi masu arha a jere, sai dai ban saya ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya zuba ruwan sha ko man girki a cikinsu, tunda babu mai iya shaidar cewa ba maganin feshin gona aka taɓa ajiyewa a ciki ba.

Babban abin da ya dame ni yana bayan rumfar. A can na tarar da yaro, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, yana fasa tsoffin batiran mota da na sola da guduma, yana tsiyayar da ruwan batirin a ƙasa, yana zaro farantan dalma da hannunsa babu safa, alhali mai awara tana suya a 'yan taku kaɗan daga wurin. Mutumin Zamfara bai kamata a yi masa dogon bayani a kan dalma ba. A shekarar 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka zo suka buɗe wuraren jinya, aka kuma riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana zuba sabuwa. A wancan karon daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙurarta tana bin tufafi har gida ta iske ƙananan yara. Na yi wa maigidan magana, ya saurare ni da ladabi, ya ce zai duba, amma zuwana na ƙarshe gudumar tana nan tana aiki.

Zancen kayan sata kuwa, wanda ya ɓata wa wannan sana'a suna har hukumomin Abuja suka hana yawon jari-bola a cikin birnin a farkon 2025, na ga abin da ya ɗan kwantar mini da hankali. A gabana wani saurayi ya kawo kawunan famfo guda uku masu sheƙi da guntun wayar lantarki mai kauri, maigidan ya tambaye shi inda ya samo, da ya fara kame-kame sai ya ce ya kwashe kayansa ya tafi.

Mai son zuwa ya je bayan la'asar, lokacin da sabon kaya yake sauka, kuma idan na lantarki zai saya kada ya biya sai an gwada a gabansa. Yara kam a bar su a gida. Ni na bar sallahu a ajiye mini ƙofar ƙarfe ta ɗakin kaji idan ta shigo.