Ɗakin gyaran gwiwa na kusa da Rumde Ajiya: abin da na gani a wata biyar

Atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 46. Bara da damina moto, wato babur, ya zame da ni a hanyar Yalwa, gwiwar dama ta murɗe. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ne ya tsage, ba sai an yi aiki ba. Mako 6 ƙafar tana ɗaure. Ranar da aka kwance, na ga cinyar ta tsotse kamar ba tawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla a kan kujera, a gefen sahu tare da dattawa.

Wani maƙwabcina ne ya kai ni wannan ɗakin motsa jikin, ba nisa da filin ƙwallon Rumde Ajiya, inda aka buga wasu wasannin gasar kofin Afirka a 2022. Mai wurin kine ne, wato mai gashin ƙashi, yaro matashi. Kafin ya taɓa ni sai da ya karanta takardar likita, sannan ya ɗauko tef irin na tela ya auna cinyoyin biyu. Ta dama ta gaza da santimita 4. Ya ce, "Baba, gwiwarka ba za ta yi ƙwari ba sai naman nan na gaban cinya ya dawo. Tsoka huɗu ce a haɗe, su ke miƙar da ƙafa, su ke tare nauyinka in kana sauka daga matakala."

Na zaci ƙarfe zai ɗora mini. Ina! Mako biyun farko a kan tabarma na yi su: ya naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, in danna in ƙirga goma, in saki. Sai ɗaga ƙafa a miƙe ina kwance. Raina ya ɓaci, na ce kuɗina nake biya in danna tawul? Ya sa yatsansa a kan tsokar da ke saman ƙoƙon gwiwa ta ciki, ya ce in danna. Wallahi rawa kawai take, ko tauri ba ta yi. Daga ranar na daina musu.

Bayan nan aka shiga jan roba da ƙafa, da keke, da tashi daga benci ba dafawa, da hawa ƙaramin akwati. Sai a wata na uku ya bar ni na tura nauyi da ƙafa, kilo 20 aka fara. Dokarsa ɗaya ce: in gwiwa ta kwana da kumburi, an yi yawa ke nan, a rage. Sau biyu ya mayar da ni gida da umarnin in ɗora ƙanƙara minti 15, kuma bai karɓi kuɗin ranar ba. Wannan ya sa na yarda da shi.

Wurin yana da nasa aibi. Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, kuma kun san zafin Garwa a Maris da Afrilu. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ba a iya minti goma. Ni bayan asuba nake zuwa. Keke ɗaya ne, ana layi. Babu lokacin mata daban, matata ma tana fama da gwiwa amma ta ƙi zuwa, kuma na gaya masa ya gyara wannan. Kuɗin zama ɗaya sefa 2,000 ne, sau uku a mako, ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwa.

Juma'ar da ta wuce na shiga tsakiyar sahu, na yi sujada, na zauna tahiya a ƙasa. Gwiwar ta ɗan ja, amma na tashi ban dafa kowa ba. Ranar Litinin ya sake aunawa, saura santimita 1, na biya na wata guda gaba.