Hattara da masu sayar da kokarel da sunan buroila

Jama'a masu kiwon kaji, musamman 'yan'uwana mata da ke kiwo a cikin gida, don Allah ku tsaya ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗin 'yan tsaki.

Saura wata biyu Sallah na ga tallar wani mutum a WhatsApp, wai yana kawo buroila, wato kajin nama masu saurin girma, 'yan kwana ɗaya daga Ibadan, farashinsa ƙasa da na kowa. Na tura kuɗin kwali biyu, tsaki 100. Da asuba suka iso tasha, farare masu ɗan ruwan ɗorawa, gwanin sha'awa. Ban kawo komai a raina ba.

A sati na uku jikina ya fara ba ni. Abinci suna ci, amma sai tsawon ƙafa da fiffike, suna tsalle suna ɗarewa kan mazubin ruwa. Buroila kuwa ci take ta kwanta, ƙirji ya buɗe, ƙafa ta yi kauri. Da suka cika sati shida na ɗora ɗaya a sikeli, da ƙyar ya kai rabin kilo, alhali buroila irin Cobb 500 ko Ross 308 a wannan lokacin ta haura kilo 2. Wani dattijo mai gidan gona ya ɗaga guda, ya dubi jan zankon da ya fara tsirowa, ya ce, "Hajiya, ai kokarel aka ba ki." Na kira mutumin, waya a kashe. Har yau.

Ga inda dabarar take. Kajin ƙwai irin su Isa Brown tun ranar ƙyanƙyasa launi ke raba su: matan jajaye, mazan farare. Matan ake nema, mazan kuwa, wato kokarel, a araha kamfanin ƙyanƙyasa ke rabuwa da su. To waɗannan fararen mazan, a kwana ɗaya, idon sabon shiga ba ya raba su da buroila. Su macuta ke saye su sauya musu kwali. Kokarel ba kazar banza ba ce, namanta ma ya fi ƙarfi, amma sai ta yi wata huɗu zuwa biyar kafin ta shiga kasuwa. Wanda ya yi lissafin sati shida ya ci bashin abinci, ya shiga uku.

Haka ake yi da Noiler, kazar da ake kiwo don nama da ƙwai. Da yake launinta barkatai ne, sai a cakuɗa baƙaƙen kokarel a ciki. Baƙin tsako mai farin ɗigo a tsakar ka, ku tsananta tambaya a kansa.

Ku nemi kwalin kamfani a rufe, da sunan irin da ranar ƙyanƙyasa, ku karɓi rasit daga dilan da ke da shago, wanda za ku iya komawa ku same shi. Ku auna tsaki goma ranar da suka iso, ku sake aunawa a kwana bakwai: buroila ta gaskiya tana ninka nauyinta kusan sau huɗu. Da na san wannan, da ban kai sati shida ina zuba musu abinci mai tsada ba.

Nawa suna nan, na mayar da su kan dusa da tsakin masara. Jiya wata ƙawata ta turo mini tallar nan, hotunan dai su ne, lambar waya ce kawai aka sauya.