A-shape ko riga da siket a bazara? Ga wanda zan ce ki ɗinka

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tunda kin ce ke gajeriya ce, kuma tun haihuwarki ta biyu cikin bai koma ba, kada ki wahalar da kanki: tsakanin doguwar riga A-shape da riga da siket, ki ɗinka A-shape. Jikinmu kusan ɗaya da ke, kuma na saka duka biyun a tsakiyar zafin Kano, na san abin da kowanne ya yi mini.

Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi. Ana saura mako uku na kai atamfata wurin wata dattijuwa da ke ɗinki a tsakar gidanta a layinmu. Na buɗe waya zan nuna mata hoto, ta ce in ajiye tukuna, in miƙe tsaye. Ta zagaya tef a ƙuguna, ta girgiza kai, ta ɗaga shi sama zuwa ƙasan ƙirji, ta ce, "'Yata, nan ne wurin da ya fi siranta a jikinki. Daga nan za mu kama, sauran mu sake shi ya sha iska." Haka ta yanka. Kafaɗa daidai da tawa, ba ta zarce ba. Wuya ta yi shi mai ɗan tsini, ba mai zurfin da zai hana ni shiga mutane ba. Hannu ya tsaya ƙasa da gwiwar hannu, da ɗan faɗi a bakinsa. Daga ƙasan ƙirji rigar ta riƙa buɗewa a hankali har idon sawu, babu tattara, babu shafi, ga aljihu biyu a gefe. Ranar Sallah tun safe muke yawon gaisuwa, daga wannan gida zuwa wancan a adaidaita sahu. A gidan kakarmu na zauna a tabarma na naɗe ƙafa, na ci tuwo na ƙoshi, ban riƙe numfashi ba, ban ja riga ƙasa ba ko sau ɗaya. In na taka sai in ji iska na shiga ta ƙasa tana busar da zufar baya. Da yamma surukata ta dube ni ta ce, "Ke azumin nan ya rage ki." Wallahi ban ragu ba, ɗinki ne. Har yau rigar nan ita nake fara miƙa wa hannu in zan fita, ta sha wanki har ta yi laushi kamar zanen goyo.

Riga da siket kuwa yana da kyau a hoto, wannan ba zan hana shi ba. Na Sallar 2023 leshi ne mai shafi, kafin azahar ƙugun siket ɗin ya shata mini layi a ciki, na kwana da ƙurajen zafi. Sau biyu na saka shi na bayar.

Dalilin a fili yake. Riga da siket yana raba jiki gida biyu, kuma a wurin masu jiki irin namu layin rabon yana faɗawa daidai inda muka fi faɗi. Duk wanda ya kalle ki nan idonsa zai fara sauka, kuma tsawon da ba ki da shi ma an sake datse shi. Ga ƙugun siket, ga zif, ga shafi, ga bakin riga da ya hau kan siket, yadi ninki uku ko huɗu ke nan a kan ciki, a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40 har ya wuce. A-shape kuwa layi ɗaya ne daga kafaɗa har ƙasa, ido yana bin sa a tsaye, sai ki ga kin ƙara tsawo, cikin kuma yana can cikin rigar ba wanda ya san inda ya fara. Wadda riga da siket ke karɓa ita ce mai siririn ƙugu da cikar ƙasa, ko doguwa siririya da ke son a ɗan ƙara mata jiki. Ƙanwata haka take, ita ce ma ke jin daɗin tattara da manyan furanni. Ke ba naki ba ne, aƙalla ba a bazara ba.

Na san wasu za su ce ki yi bubu kawai ki huta. Bubu ya fi kowa sanyi, gaskiya ne, amma dogaye ya fi yi wa kyau. Gajeriya in ta shiga bubu mai faɗin yadi, musamman na shadda mai sitaci, haɗiye ta yake yi. In har kina so, ki yi shi da boyel ko wani yadi mai zuba, a rage faɗin, a kama shi ta ciki a gefe biyu.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: A-shape ma ana ɓata shi. In kina da cikar ƙirji kada ki yarda tela ya yi miki tattara a ƙasan ƙirjin, rigar za ta tashi ta gaba, a riƙa yi miki barka da juna biyu. Ki ce a kama da dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa ta ciki don riga ta zauna a jiki, a bar buɗewar ta fito daga yanka. Kada a rufe wuya ruf, kada kuma a jibga duwatsu a gaba, don suna ƙara nauyi da zafi, suna kuma jawo ido wurin. Wadda ƙasanta ya fi samanta cika ita ce za ta kai adon wuya da hannu don jikin ya daidaita. Wajen zaɓen atamfa ki nemi mai ƙananan zane, ko wadda zanenta ke tafiya a tsaye, ki kuma gaya wa tela kada ya kwantar da shi. Kada ki ce sai baƙi ko ruwan ƙasa don ɓoye jiki, duhun launi rana yake zuƙa. Tawa ruwan toka ce mai haske da ɗigon shuɗi, kuma ita ce aka ce na rame a ciki.

Sai maganar yadi, wadda ba ki tambaya ba amma ita ce rabin aikin. Duk kyan ɗinki, in yadin roba ne kin shiga leda. Auduga tana shan zufa ta bar iska ta ratsa, roba kuwa riƙe ta take yi a jikin fata. Kuma a nan ne marasa tsoron Allah ke cin kasuwarsu. Ni da kaina na taɓa sayen matiriyal a wurin wata mai talla a WhatsApp, ta rantse mini auduga ce zalla. Da kaya suka iso na ga yana sheƙi yana santsi, na yi mata magana, ta ce ai ba a canji. Tun daga ranar ba na sayen yadin bazara sai na taɓa shi da hannuna. In kin shiga Kantin Kwari ki damƙe bakin yadin a tafinki ki saki: auduga za ta yamutse, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. In kin kai gida ki zare ɗan zare daga gefe ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi ɗan ƙwallo mai tauri, da warin leda.

Haka ma sunan atamfa. Holan ta gaske kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan tun asali, kamfanin da aka kafa a 1846, kuma kuɗinta ba ya ɓuya. Ta Kodebuwa kuma kamfanin Uniwax ke yi a Abijan. Mafi yawan abin da ya cika kasuwa yanzu daga Sin yake zuwa, kuma cikinsa akwai mai auduga mai kyau, ni ma ita nake sawa yau da gobe. Laifin shi ne a kwaikwayi zanen Holan, a manna takarda mai ƙyalli, a karɓi kuɗin Holan a hannunki. Ki juya bayan atamfar, ta gaske launin ciki da na waje kusan ɗaya ne. Ki karanta rubutun da ke bakin zanen, kada ki tsaya a takardar da aka liƙa. In an faɗa miki farashin da ya yi araha fiye da hankali, ki ajiye ki wuce gaba. Masu sayar da ɗinkakku a intanet kuma ki ce su aiko miki da bidiyon rigar a hannu, a hasken rana, da awon ƙirji da tsawo a inci. Kalmar nan tasu ta "yana yi wa kowa" ba awo ba ce.

Don haka ki sayi turmi ɗaya na atamfa mai auduga, ki jiƙa ta ki shanya a inuwa kafin ki kai ɗinki, don sitacin ya fita kuma in za ta shige ta shige tun yanzu. Cikin yadi shidan nan, huɗu zuwa huɗu da rabi sun ishe ni riga, sauran ɗankwali ne, ki ce a dawo miki da canjinki. Ranar gwaji kada ki tsaya gaban madubi kawai. Ki zauna a ƙasa, ki ɗaga hannu sama, ki sunkuya kamar za ki ɗauki yaro. In babu inda ya ja ki, ki biya kuɗin ɗinki ki kai masa ta biyu.